Ramin Bangon Barau

Tun da yaƙi ya ƙare, aka kafa doka a Birnin Kurna: ba a toshe ramin da harsashi ya bari a bango. Masu zane ne ke zuwa su kewaye kowane rami da fure, su rubuta sunan wanda ya faɗi a wurin. Da haka garin ya yi suna, baƙi na tururuwa daga ko'ina, makaɗa da masu zane suka cika lunguna.

Bangon Barau kuwa lafiya lau yake, domin shi da iyalinsa sun yi gudun hijira tun kafin a fara harbi. Baƙi sai su wuce ƙofarsa ko kallo babu. Abin ya ci masa rai, ran nan ya sa ƙusa da guduma ya huda bangon da kansa.

Da hantsi mai zanen unguwa, Asabe, ta zana furen. Ta juyo ta ce, "Baba, sunan wa zan rubuta?"

Barau ya yi ta kame-kame. Sai ga maƙwabciyarsa Iya Kande, wadda ta ji bugun gudumar da kunnenta. Ta shafa ramin, sabuwar ƙasa ta zubo mata a yatsa.

Ta ce, "Malam Barau, in ba ka da mai shi, ara mini. Ɗana Sale har yau ba a san inda ya faɗi ba."

Asabe ta rubuta. Daga ranar, ta ƙofar baya Barau ke fita.