Kujerar da ke Kusa da ta Baba

"Sauke hannunka daga kujerar ubana, tsoho!"

"Yaro, tsaya ka ji..."

"Ko kunya ba ka ji? Da jar rigar abokan hamayyarmu za ka shigo ɓangarenmu sata?"

An tashi wasan ƙarshe ke nan a tsohon filin ƙwallon, za a rushe shi. Magoya baya sai kwance kujerunsu suke, kowa zai tafi da tasa gida, wasu na hawaye. Shi kuwa Auta, rabonsa da filin tun kafin ƙafafun Babansa su mutu. Duk sanda Baba ya ce ya kai shi kallo, sai Auta ya ce mako mai zuwa. Har aka kai Baba makwancinsa, makon bai zo ba.

Auta ya fizge sifanar da ke hannun tsohon. Tsohon ya yi taga-taga, ya dafa ƙarfe.

"Ta babanka ga ta nan, ban taɓa ba," in ji shi a hankali. "Wannan taka ce, kullum sai ya kama maka ita. Da ka ƙi zuwa, ni na riƙa turo kekensa, in zauna a kanta. Mutanenku su jefe ni da ɓawon lemo, shi kuma ya yi ta ƙyaƙyata min dariya."

Auta ya dubi kujerun biyu. Ashe ko ta ubansa bai gane ba. Ya durƙusa, ya kafa sifanar, ya ce wa tsohon:

"Baba, duka biyun zan kwance, ba za a raba su ba. Nuna min hanyar gidanka, ni zan kai maka."