Gangar Tsohon Tela

Hoton da ke manne a keken ɗinkinsa na fara gani: ruwa shimfiɗe, fitilu na yawo a kai. Tsohon tela ne a unguwar Aziziyya ta Makka, Musulmin Indiya.

"Ganga ke nan," ya ce da Larabci. "A cikinta 'yan Hindu ke wanke zunubi. Ina so in sake ganinta kafin in mutu."

Kaina ya ɗaure. Ganga ta kiɗa, ko ta ruwa? Na ce, "Ammu," wato baffa, "muna da ɗaya a gida, Baba zai ba ka."

Ya yi dariya har da hawaye. Sai da na girma na san Ganga kogin garinsu ne.

A Makka ya rasu, bai sake ganinta ba. Kowa ya ce ya dace, ni dai har yau na kasa faɗin haka.