Furar Bakin Tsauni

Tun daga Funtuwa Amatullah ta maƙale wayarta a jikin gilashin mota tana ɗaukar hoton duwatsu. Haifaffiyar Kaduna ce, ba ta taɓa ganin dutse ya hau kan dutse kamar an jera da hannu ba.

Aurenta da Alhaji Zailani bai rufa shekara ba. Dillalin hatsi ne, mutum mai sanyin magana, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ko ga mai gadi ba. Ya sha gaya mata cewa ya yi shekaru yana harka a ƙasar Faskari, a wani gari da ake kira Bakin Tsauni. Ita kuwa ta dame shi da naci sai ya kai ta ta gani, tun cikin da take ɗauke da shi bai yi nauyi ba.

"An ce wajen ba lafiya," in ji yayarta da ta ji labarin tafiyar.

"An yi sulhu," Alhaji ya amsa. "Ko ba a yi ba, ba abin da zai taɓa ta."

Bayan Mairuwa suka bar kwalta. Gonaki sun koma daji, suka wuce ƙauyuka biyu da ba rufi ba hayaƙi. A wata kwana suka tarar da samari kan babura sun tare hanya, bindigogi rataye a kafaɗa. Amatullah ta fara salati a ranta. Alhaji ya sauke gilashi kawai. Samarin suka diro daga babura, suka durƙusa, suka buɗe hanya.

Ranar kasuwa suka tarar a Bakin Tsauni. Da ya fito daga mota sai hayaniya ta lafa. Dattawa suka miƙe daga inuwa. Mai tsire ya ƙunso nama mai zafi ya kawo da hannu biyu, ya ƙi karɓar ko sisi. Wata mata ta fizge ɗanta ta shige gida da shi. Amatullah ta yi murmushi, ta ce a ranta, mutanen ƙauye da kunya. Ta aika wa yayarta saƙon murya tana dariya: "Yaya, ashe babban mutum na aura ban sani ba!"

Suka hau tsaunin, shi a gaba, ita tana bi a hankali tana haki. Ko kallon ƙasa ba ya yi, ƙafarsa ta san inda za ta taka. Ya nuna mata idon ruwa da ke tsattsafowa daga tsagin dutse, sanyi kamar ƙanƙara. Ya nuna mata wani falalen dutse a can ƙololuwa, ya ce duk yankin nan a nan kaɗai waya ke kamawa sosai. Daga nan ana hango kore shar har wajen Sabuwa.

Sai wani kogo mai faɗi, bangonsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Akwai duwatsun murhu a gefe, da tsofaffin silifa warwatse, manya da ƙanana.

"Maharba ke fakewa a nan," ya ce.

Ta jingina da kafaɗarsa ta ɗauke su hoto.

Da suka sauko, mai unguwa ya sa an yi musu shimfiɗa a gindin tsamiya. Ya ƙwala wa wata mata kira: "Ramatu! Kawo ma baƙi fura." Ta fito da ƙwarya, siririya, ba za ta girmi Amatullah ba, tana ɗan jan ƙafa. Ta durƙusa ta dama, idonta a ƙasa.

Amatullah ta ɗebo sukari za ta zuba wa mijinta.

"Ba ya shan ta da sukari," matar ta ce a hankali. "Sai nono mai tsami, da ɗan yaji."

Alhaji ya yi murmushi bai dubi matar ba. Ya kafa kai ya shanye.

Amatullah ta mayar da sukarin. Ita da take kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta san haka ba. Duk daɗin yawon ya gushe. Ta dubi matar da kyau: duk da ramar, kyakkyawa ce. To, ashe wannan ce harkar da ya yi shekaru yana yi a ƙasar Faskari.

Aka kira la'asar. Alhaji ya nufi masallaci, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Amatullah ta tashi ta bi matar bayan zana, ta same ta tana wanke ƙwarya.

"Baiwar Allah, kin san maigidana ne?"

"Kowa ya san shi nan, Hajiya."

"Ba kowa na tambaya ba. Ke nake tambaya. Ina kika san yadda yake shan fura?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Baki ne ya suɓuce mani."

"Ki gaya mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba. Budurwarsa ce ke a da?"

Ramatu ta daina wanke ƙwaryar. Ta waiga wajen masallaci, ta saurara har ta ji an tada salla. Sannan ta ɗan ɗage bakin zaninta. Wani baƙin tabo ya zagaye idon sawunta duka biyun, kamar mundaye.

"Damina guda na yi ina dama mashi fura cikin kogon can, Hajiya, da sarƙa a ƙafata, bayan ya harbe mijina a ƙofar gidanmu."