Telan da Ya Ɓoye Takalman Ƙwallo

Ka ce za ka hana ɗanka tsayawa in an tashi makaranta, don kada wasa ya cinye masa karatu? To, zauna ka ji.

Wani tela ne ya kwashi iyalinsa ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa mai sanyi, inda ko gaisuwar mutanenta bai iya ba. Burinsa ɗaya a duniya, ɗansa matashi ya ci jarrabawar shiga babbar sakandare, wata rana a kira shi likita. A makarantar kuwa, in an tashi yara kan tsaya, wasu ƙwallo, wasu muhawara, wasu wasan kwaikwayo. Tela ya ce shi bai tsallako teku don ɗansa ya bi ƙwallo ba. Ya ƙwace takalman ƙwallon yaron ya cusa ƙarƙashin buhun ƙyallaye, ya kafa masa kujera a bayan keken ɗinki. Kullum ana tashi yaro zai dawo ya buɗe littafi, ya zuba masa ido shiru har magariba. Tela na taka keke yana satar kallonsa, ransa fes. Har tausayin maƙwabcinsa direba yake ji, wanda 'yarsa ba ta dawowa sai yamma lis, wai tana wasan kwaikwayo. Cewa yake, an yi asarar yarinya.

Ranar da makaranta ta kira iyaye, tela ya sha babbar riga, ya tasa ɗansa a gaba don ya yi masa tafinta. Malama ta yi dogon bayani ta gama. Tela ya dubi ɗansa, yaro ya sunkuyar da kai. Ya zungure shi ya ce, "Kai, me ta ce?" Sai hawaye. Ashe duk zaman nan kallon takarda kawai yaron yake yi. Yaren da ake koyarwa da shi a bakin yara ake tsintarsa, shi kuwa an raba shi da yaran. Malama ta leƙa waje ta kira wata ɗaliba ta zo ta fassara, sai ga 'yar direba. Yarinya ta russuna ta gaishe da tela, ta ce, "Baba, wai ɗanka ba zai zauna jarrabawar ba. Ko tambayoyin ba ya ganewa."

Tela ya saki baki. Ya ja ɗansa suka koma shagonsa. Ya ture buhun ƙyallaye, ya zaro takalman, ya durƙusa da kansa zai sa wa ɗansa. Ƙafar yaron ta riga ta fi ƙarfinsu.

Abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira, an rasa ido.