Ƙarar Bel

Ƙaramar goɗiyar ta sake kuɓuce masa, wayar shinge ta kanannaɗe mata ƙafa, jini na bin kofato. Sau biyar ke nan tana zagaye filin da shi.

"Baba, ƙarar ƙarfen bel ɗinka take gudu," in ji 'yarsa daga bakin shinge. "Ka cire shi mana."

"Ke ce za ki koya mini doki?" Amma ya kai hannu ƙugu ya zare shi.

Goɗiyar ta zabura tana huci. A daidai lokacin yarinyar ma ta durƙushe, ta kare kanta da hannu biyu.

Ya wurga bel ɗin bayan shinge, ya zauna a ƙasa, ya kasa ɗaga ido. Can sai ya ji numfashin goɗiyar mai ɗumi a ƙeyarsa. Yarinyar ta lallaɓo tana warware wayar.

Mota ta tsaya. Likitar dabbobin da maƙwabci ya kira ta sauko, ta shafa tabban bayan goɗiyar, sannan ta dubi damtsen yarinyar, ta ga irinsu.

"Malam, wa yake dukan su?"