Jinin Inna a Duron Ruwa

Shekarar da 'yan bindiga suka kame Haramin Makka ce, ƙanena Sani bai daɗe da warkewa daga kaciya ba. Muna zaman baƙunta a unguwar Harra ta Gabas, a Madina.

Inna ta taɓa raɗa min cewa Kirista ce kafin ta musulunta. A kogin ƙauyensu fasto ya nutsar da ita, baftisma ke nan: tsohon mutum ya mutu a ruwa, sabo ya fito. Ni kuwa ba na jin abu in ƙyale. Wata rana bayan la'asar na danna kan Sani cikin duron ruwa, ina cewa, "Da sunan Uba, da Ɗa..."

Sai ga Baba. Ya fizgi tiyo ya rufe ni da duka. "A Madina? So kike maƙwabta su ji a kore mu?"

Inna ta faɗo kaina, tiyon ya tsaga mata gira. Jini na ɗiga cikin duron, ta ce, "Ni na gaya mata, Malam. Ina salla, ka sani. Amma uwata ce ta riƙe min zane a bakin kogin nan."

Baba ya yar da tiyon.

Ba a kore mu ba, yau Inna da Baba suna kwance a maƙabartar Baƙi'a. Saura ni da Sani, shi kuma bai tuna komai.