Dogaye Biyu a Ƙarƙashin Jinka

Ka tambaye ni, ɗana, wace ƙasa ce za ta riƙe ragamar duniya nan gaba, kuma ko manya za su bar ƙanana su kwana lafiya. Ni ban san wannan ba. Sai dai in ba ka labarin wani abu da na gani a yawona, a wani ƙauye da sunansa ya ɓace mini. Ina dai tuna akwai gawo a bakin rafinsu, ko kuwa tsamiya ce, Allah masani.

A can, a ƙasa ake haɗa jinka, a baibaye ta da shuci, sannan maza su kewaye ta, su ɗauka a ka, su aza bisa bangon ɗaki. Akwai wani dogo ƙaƙƙarfa wanda shekara ashirin ba a ɗaga jinka sai da shi. Amma idan ya shiga ƙarƙashi, miƙewa yake yi iya tsawonsa, sai jinkar ta karkata, nauyin ya gangara kan gajeru. Ba mugunta ba ce, shi dai bai taɓa jin nauyin da suke ji ba. Ta haka kafaɗar wani masaƙi ta goce, hannunsa bai ƙara komawa daidai ba. Ba wanda ya yi magana, don kowa yana da ɗakin da zai buƙaci rufi wata rana. Ana nan sai wani saurayi ya taso a ɗaya unguwar, tsawonsu ɗaya da dogon, ƙarfinsa ma ya so ya fi. Gari ya rabu biyu, kowa da gwaninsa, har ba sa shiga aiki ɗaya.

To, wata shekara, farkon damina, jinkar wata tsohuwa ta rufta. Tana riƙon jaririn da 'yarta ta rasu ta bari, bai yi arba'in ba. Aka haɗa mata sabuwa, babba, mai nauyi, don shucin ya sha raɓa. Kafin a gama ɗaurin ƙarshe, gabas ta yi baƙi ƙirin. Dole aka kira dogayen duka biyu. Wannan ya kama nan, wancan ya kama can, suna hararar juna, kowa ya miƙe don kada a ce ɗan'uwansa ya fi shi. Jinka ta tashi sama ta bar kawunan sauran mutane, gajeru suna miƙa hannu ba sa kaiwa. Sai ga ta a kan mutum biyu kaɗai, gefe da gefe ba mai tallafe, karan da ke cikinta ya fara ƙara yana shirin karyewa. Tsohuwa tana tsugune a gindin bango, ta lulluɓe yaron da gefen zanenta, iska tana kaɗa mata ƙasa a fuska. Ba ta roƙi kowa ba, cewa kawai ta yi, “Ku yi a hankali, 'ya'yana.”

Babban dogon ya duba gefensa, ya ga masaƙin nan yana ɗage da hannunsa ɗaya mai lafiya, yana lalube a iska. Sai ya lanƙwasa gwiwa, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har bakin jinkar ya sauka a kan masaƙin. Wani daga bayan fage ya ce, “Af, tsufa ya zo!” Aka yi dariya kaɗan. Saurayin ya tsaya jim a miƙe, yana jin daɗin ya rage shi kaɗai a sama, sai ya ga yanzu shi ne ke tura nauyi kan mutane. Kunya ta kama shi, shi ma ya rusuna. Nan take kawuna goma sha biyu suka sami wurinsu, ƙarar karan ta tsaya. Haka suka tafi da ita, dogaye suna tafiyar agwagwa, har bakin bango, aka yi kabbara aka cira tare, ta zauna daram.

Ɗigon farko a kan shuci ya faɗi, yaron yana ciki yana barci. Babban dogon ya yi kwana uku yana ɗingishi, masaƙin ne ma ya riƙa zuwa yana gasa masa gwiwa da ruwan ɗumi. Shi ya sa magabata suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.